Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dattawa Da Malaman Hausawa Mazauna Saudiyya Kan Dukiyar Da Muke Bari A Baya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena dattawa da malamaina na Makka da Jidda da Madina, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina neman izininku in ɗauko maganar da yawancinmu ba ma son a ɗauko ta a majalisa, wato makomar dukiyar ɗan'uwanmu idan ta Allah ta kasance a kansa a ƙasar nan, alhali wani ɓangare na abin da ya tara yana Jidda, wani kuma yana Kano ko Sakkwato ko Maraɗi. Na rubuto a fili ne domin na san idan maganar ta fito daga bakinku za ta shiga kunnen da ba za ta shiga ba idan irina ne ya faɗa.

Ni ba malami ba ne, ba kuma lauya ba. Akawun lissafi ne ni a wani kamfani a Jidda, na haura shekara ashirin a nan, kuma saboda ina jin Larabcin takarda, sau da yawa ni ake kira in raka matar mamaci ko babban ɗansa zuwa banki da kotu in yi musu tafinta. A wannan rakiya na fahimci cewa jama'armu ta iya jana'iza ƙwarai da gaske: kafin a ce kwabo an yi cuku-cukun izinin binnewa, an sallaci gawa a Harami, an kai ta maƙabartar Shara'i da ke Makka, an zauna makoki, an tara gudummawa. Abin da ke biyo bayan kwana na uku shi ne ba mu iya ba, kuma a nan ne marayu suke shan wahalar da ba wanda yake gani.

Akwai wani bawan Allah, tela, da muka yi maƙwabtaka da shi. Ya yi shekaru yana ɗinki har ya tara kekuna shida da yara masu aiki a ƙarƙashinsa, kuma kowa a unguwa ya san shagon nasa ne. Wata rana bayan sallar asuba ya faɗi, kafin azahar ya cika. Da aka share makoki na je gidan, matarsa tana cikin takaba, ta miƙo mini wata baƙar leda ta bayan labule ta ce duk takardun Alhaji suna ciki. Na zazzage ledar a kan tabarma. Akwai tsohon fasfo guda biyu, da katin igama, wato izinin zama a Saudiyya, da katin cirar kuɗi, da tarin rasit na kuɗin da ya riƙa aikawa gida waɗanda zafi ya goge rubutun yawancinsu, da wata takardar kwalin sabulu da aka jera lambobi a bayanta babu suna ko ɗaya. Wayarsa tana nan, amma da zanen yatsansa take buɗewa. Iyakar abin da ya rage a rubuce na aikin shekara kusan talatin ke nan.

Shagon yana da rajista, sai dai da sunan kafilinsa, wato ɗan ƙasar da yake zaune a ƙarƙashin sunansa, aka yi ta, marigayin kuwa a takarda ma'aikaci ne mai ɗan albashi, yana biyan mai sunan wani abu duk wata bisa yarjejeniyar baki. Da muka samu kafilin sai ya yi mana ta'aziyya cikin mutunci, ya ce shagonsa ne, zai biya haƙƙin ma'aikacinsa, kuma a gaban doka babu ta inda za a ƙaryata shi. Ku kun fi ni sanin sunan wannan tsari, shi ne tasattur, kuma dokar da Saudiyya ta sabunta a kansa a shekarar 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyar da tarar da za ta iya kaiwa riyal miliyan biyar, ban da ƙwace abin da aka samu ta hanyarsa da korar baƙon daga ƙasa. Magadan da suka je kotu suka ce shagon na ubansu ne, da bakinsu suke shaida cewa uban ya karya doka. Shi ya sa ake haɗiye maganar. Wannan darasi mun riga mun gan shi da idonmu lokacin da aka rushe unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, irin su Gulel da Karantina da Sabil da Kandara, inda mutanenmu da dama suka zuba guminsu a ɗakunan da ke kan sunan wasu, kuma da aka zo maganar diyya, wanda sunansa ke kan takarda aka nema.

Gida ma labarin bai canza ba. Marigayin ya yi shekaru yana aika wa ƙanensa kuɗi, aka sayi fili a Kano aka gina, amma takardar ciniki da sunan ƙanen aka rubuta ta, wai don sauƙin zirga-zirga tunda shi ne a kusa. Ƙanen bai musa cewa kuɗin yayansa ne ba, sai dai ya ce shi ma ya zuba nasa wajen rufi da filasta, kuma 'ya'yansa a cikin gidan aka haife su. Ban ce ƙarya yake yi ba, domin wataƙila gaskiya ce, amma babu wanda ya san nawa ne na wane, kuma mutum ɗaya da zai iya warware zancen yana kwance a Shara'i. Malamanmu sun san hukuncin hauzi a mazhabar Malikiyya da kotunan gida suke aiki da ita, cewa wanda ya riƙe kadara shekara goma a gaban idon mai ita ba tare da ya yi magana ba, ko shekara arba'in idan tsakanin 'yan'uwa ne, ƙarar mai ita tana raunana. Gaskiya ne an yi wa wanda ba ya gari uzuri, kuma aro ko amana ba sa zama mallaka, amma sai an tabbatar wa alƙali cewa aron ne, kuma maraya ɗan shekara goma sha biyu da aka haifa a Jidda bai taɓa taka Kano ba, da wace hujja zai tabbatar?

Bari in faɗi yadda abin yake tafiya a nan, domin da yawa daga cikinmu ba su sani ba sai ya same su. Da zarar banki ya samu labarin rasuwa yakan daskarar da asusun, ba ya sakin ko riyal ɗaya sai an kawo masa takardar ƙididdige magada, wadda ake kira sakku hasril warasa, ana neman ta ta manhajar Najiz ta Ma'aikatar Shari'a tare da shaidu biyu da suka san iyalin. Dole a lissafa kowane magaji, har da tsohuwar da ke ƙauye da uwargidan da aka bari a gida, kuma duk wanda ba zai iya zuwa ba sai ya aiko da wakala, wato takardar wakilci, a buga mata hatimi a Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, a kai ta ofishin jakadancin Saudiyya a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Kano, a fassara ta zuwa Larabci wurin mai fassarar da hukuma ta yarda da shi. A wannan gaɓa ne wata cuta tamu take fitowa, wato saɓanin suna. Mutum ɗaya a fasfo Muhammad ne, a takardar fili Mamman, a katin ɗan ƙasa an saka masa sunan garinsu a ƙarshe, a igama kuma an rubuta shi yadda ma'aikaci ya ji a kunnensa. Na ga takarda ta yi wata da watanni tana kai-komo saboda harafi ɗaya. Duk wannan yana faruwa ne alhali zaman matar da yaran a ƙasa ya rataya a kan igamar wanda ya rasu, kuma lokaci yana ƙure musu.

Wasu sukan ce ai sun ba ɗansu wakala tun suna da rai, ko sun faɗa wa uwargida lambar katin banki. Wakala tana mutuwa ne da mutuwar wanda ya ba da ita, kuma cirar kuɗi da katin mamaci, ko da niyya ta yi kyau, taɓa dukiyar magada ne kafin rabo, mai yiwuwa da marayu a cikinsu. Haka nan sunan makusancin da mutum ya cike a fom ɗin banki a Najeriya ba ya mayar da wannan makusanci mai gado, mutum ne kawai da za a nema idan wani abu ya faru. Wani haƙƙi kuma da ake yawan mantawa da shi shi ne kuɗin sallama na ƙarshen aiki, wanda dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ƙayyade da rabin albashin wata a kowace shekara ta biyar ɗin farko, da cikakken albashin wata a kowace shekara bayan haka. Wanda ya yi shekara 15 yana karɓar riyal 3,000 ya bar wa magadansa riyal 37,500 a hannun kamfani, kuma idan ba wanda ya san a nema, sau da yawa haka zai zauna.

Allah gafarta malamai, akwai wani wuri da maganar ta zo kanku kai tsaye, kuma ina roƙon ku yi mini uzuri. Auren da ake ɗaurawa a falo, da waliyyi da shaidu da sadaki, aure ne a shari'a, babu mai ja. Amma idan babu takarda, ranar da mijin ya rasu matar ba ta da abin da za ta nuna a nan ko a gida, musamman idan dangin da ke Najeriya ba su ma san da ita ba. Na taɓa zama a wurin da mace ta zo da yara uku tana neman tumunin takabarta, 'yan'uwan mijin suna cewa a waya su mace ɗaya suka sani. Shaidun auren ɗaya ya rasu, ɗaya an yi tarhil ɗinsa, wato an mayar da shi gida, shekarun baya. Ina roƙon duk malamin da zai ɗaura aure ya ƙi tashi daga wurin sai an rubuta, shaidu sun sa hannu da lambar fasfonsu, an kuma sanar da wani babba daga dangin miji a gida.

Sai batun haraji, wanda mutanenmu suke taƙaita shi da cewa Saudiyya ba a biyan haraji. Gaskiya ne babu harajin albashi kuma babu harajin gado, amma maganar ba ta tsaya nan ba. Harajin sayen kaya da aka fara da kashi 5 cikin ɗari a Janairun 2018 ya koma kashi 15 a Yulin 2020. Kuɗin da baƙo yake biya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa ya fara da riyal 100 a wata a 2017, ya kai riyal 400 a 2020, wato mai mace ɗaya da yara huɗu yana biyan riyal 24,000 a shekara, kuma abin da ya taru na wannan kuɗi ba ya ɓacewa don mai gida ya rasu. Tun Oktoban 2020 akwai harajin kashi 5 a kan cinikin gida ko fili, wanda aka ɗauke wa rabon gado, amma yana hawa idan magada suka sayar wa wani. Baƙon da ya yi rajistar kamfani da sunansa ta hanyar doka yana biyan kashi 20 a kan ribar kasonsa, kuma na san wannan adadi ne yake tura wasu zuwa ga tasattur, sai dai wanda ya ga abin da na gani a ledar nan zai gane cewa kashi 20 ya fi arha. Dokar shekarar 2000 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar gida a cikin Makka da Madina in ba ta hanyar gado ba, kuma a Yulin 2025 majalisar ministoci ta amince da sabuwar doka da aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, wadda ta buɗe wa baƙi ƙofar saye a yankunan da hukuma ta ware, da sharuɗɗa na musamman a kan garuruwan biyu masu alfarma. Mai hali ya bi wannan ƙofa da sunansa, ya bar saye da sunan wani.

A gida Najeriya ma babu harajin gado na tarayya tun da aka soke shi a 1996, ko da yake kotuna suna karɓar kuɗinsu wajen fitar da takardar izinin kula da dukiyar mamaci da wajen rabo, kuma dattawanmu ba su manta da ushirar da alƙalai suke cirewa a da ba. Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne sakaci da fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, mai satifiket haƙƙin zama yake da shi, da sharaɗin biyan kuɗin ƙasa duk shekara, kuma sayarwa tana buƙatar amincewar gwamna. A Maris na 2025 hukumar Abuja ta soke takardun filaye sama da 4,000 saboda an haura shekara goma ba a biya wannan kuɗi ba. Wanda ya ajiye satifiket a ƙasan akwati a Sharar Mansur ta Makka yana ganin ya bar wa 'ya'yansa fili, ya kamata ya aika a duba masa.

Sababbin dokokin harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, suka fara aiki a farkon Janairun 2026, su ma sun shafe mu. Naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara babu haraji a kansu, daga nan yana hawa har zuwa kashi 25, kuma ribar sayar da kadara, wadda a da kashi 10 ake cira, yanzu wannan ma'auni take bi. Kuɗin hayar gidan da ke Kano ko Kaduna kuɗin shiga ne na Najeriya ko da mai gidan yana Madina. Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne ma'anar mazaunin ƙasa, domin dokar ba ta tsaya ga kwana 183 kaɗai ba, ta ambaci mai gidan zama na dindindin a Najeriya da mai iyali da harkar kuɗi mai ƙarfi a can, kuma mazaunin ƙasa ana duba abin da ya samu a ko'ina a duniya. Da yawanmu muna da mata da gida a can, don haka mai dukiya ya zauna da masanin haraji ya san matsayinsa tun kafin magadansa su gaji tambayar. Ga kuma asusun banki da aka bari babu motsi: bisa ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2024, kuɗin da ya shekara goma a kwance ana mayar da shi wani asusu a babban bankin, ana iya nemansa daga baya, amma sai wanda ya san yana nan.

Na san amsar da ake bayarwa idan aka ɗauko wannan zance. Wani ya ce rubuta wasiyya kiran mutuwa ne, wani ya ce Allah ya riga ya raba gado a Suratun Nisa'i, me ya rage a rubuta? Lalle Allah ya raba, amma alƙali abin da aka ajiye a gabansa yake rabawa, kuma ayoyin gadon da kansu sun gabatar da wasiyya da bashi kafin rabo. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya nuna bai dace Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba, kuma a garin Makka ne Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya iyakance masa wasiyya ga sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa. Abin da nake kira a kai ma bai kai wasiyyar sulusi nauyi ba, bayani ne kawai: ga abin da na mallaka, ga sunan da ke kansa, ga wanda nake bi, ga wanda yake bina, ga matana da 'ya'yana duka. Haka nan a tuna wa jama'a cewa kyautar da aka yi a waya, a ce na ba wance gidan Kurna, idan ba ta karɓa ta riƙe ba har mai kyautar ya rasu, a Malikiyya gidan ya koma gado. Kuma tunda abin da ke nan kotun nan ce za ta raba shi bisa dokar iyali ta 2022, abin da ke gida kuma kotun gida, ana iya samun bambanci a wasu mas'aloli, kamar mayar da ragowa ga masu kaso da gadon dangi na wajen uwa, inda Hambaliyya da asalin Malikiyya suka saɓa. Wannan fagenku ne, ku za ku fi iya bayaninsa.

Waɗanda suka fi kowa buƙatar wannan su ne 'yan'uwanmu da ba su da igama, musamman mata masu aikatau da masu sayar da abinci. Ba su da asusun banki, duk abin da suka tara yana hannun mutane: sarƙar gwal a ajiye wurin wata Hajiya, zubin adashi wurin uwar adashi, kuɗin da aka ba wani ya aika gida a sayi fili. Irin wannan baiwar Allah idan ta rasu, ko aka kama ta aka mayar da ita gida da kayan jikinta, masu riƙon amanar ma da suke tsoron Allah ba su san wa za su miƙa wa ba.

Don haka roƙona gare ku, ranku ya daɗe, shi ne ku mayar da wannan rubutu al'ada, yadda wanda bai yi ba zai ji kunya. A tsara takarda mai shafi ɗaya ko biyu da Hausa da Larabci, malamai su duba ta, mutum ya cike a gaban shaidu biyu, ya rufe a ambulan, ɗaya a wurin amininsa a nan, ɗaya a wurin wani babba a gida, kuma a sabunta ta duk Ramadan lokacin da ake lissafin zakka, tunda dama a lokacin mutum yake ƙirga abin da yake da shi. Ban ba da shawarar a tara takardun a hannun mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ba, domin sirrin dukiya abu ne mai nauyi, kuma idan mutane suka ji tsoron fallasa ba za su rubuta gaskiya ba. Ina kuma roƙon ku yi tawaga zuwa ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, 'yan'uwanmu na Nijar su ma su je nasu, a nemi a fitar da bayani da Hausa kan takardun da iyalin mamaci suke buƙata da yadda ake gyara saɓanin suna tun mai sunan yana raye.

Ni na rubuta tawa a azumin da ya wuce, kuma a wurin rubutun ne na tuna da riyal 1,200 na wani direba da ya ba ni ajiya tun kafin ya koma gida, na nemo lambarsa na aika masa. Idan kun amince da wannan shawara, a shirye nake in zauna duk Juma'a bayan la'asar a inda kuka zaɓa, in taya wanda bai iya rubutu ba cikewa da fassarawa, ba tare da an biya ni komai ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
wani mazaunin Jidda.